Tafasa 'Yar Agirik

Duk wanda ya taɓa cin abincin rana a bakin ƙofar kamfanin jimar nan na ƙarshen layi a Challawa ya san Labaran, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Aikinsa a kamfanin shi ne kakkaɓe gishiri daga jikin fatun da manyan motoci ke saukewa, amma in ka tsaya sauraronsa sai ka rantse shi ya koya wa mutanen Jigawa noma. Cewa yake a kunyar gero aka yanke masa cibi. Alhali a Ɗorayi aka haife shi, a gidan haya mai siminti har bakin ƙofa, kuma abin da ya taɓa shukawa a duniya bai wuce ƙwallon dabinon da ya tofar a kwata ba.

Abin da ke ransa kuwa ba noma ba ne, Mas'uda ce. Bazawara ce mai sayar da abinci a rumfar bakin ƙofar, mace mai fara'a da saurin hannu, wadda in damina ta faɗi har direbobin Dakata ke ratsowa don kwaɗon tafasarta. Labaran na son ta so na gaske, irin wanda ke sa ƙato ya ci kwano biyu ba don yunwa ba sai don ya daɗe a kan benci. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Sai dai ta ce maganar tana hannun yayanta Malam Isyaku, manomi a hayin kogi, wanda ya rantse ba zai ba da ƙanwarsa ga mutumin da in kamfani ya rufe sai ya rungume hannu ba.

"Kamfani ya rufe?" in ji Labaran, ya ture kwanon gabansa. "Hajiya, ki ce wa Yaya ya ba ni damina ɗaya tak. Kin ga filin nan na bayan katanga? Lambu zan yi a wurin wanda sai an zo kallo daga Bompai. Ranar da zai zo ganina, ganyen da zai ci daga hannuna zai fito."

"Kai dai ci abincinka, Malam Labaran, kada ya huce," in ji ta tana dariya.

Malam Dalhatu mai gadi, mutumin Damagaram, yana kan bencinsa yana fifita garwashin shayi. Ya ɗago ya ce, "Ka taɓa riƙe fartanya kuwa?"

"Da ita aka yaye ni, Malam."

"To, Allah ya sa ba ƙotar kaɗai aka ba ka ba."

Shi filin bayan katangar nan ba na kowa ba ne, kuma ba wanda ya taɓa shuka shi. Amma da ruwa ya sauka sai tafasa da lalo da gasaya su fito da kansu, su yi kore shar. Daga nan Mas'uda ke tsinko ganyen kwaɗonta, daga nan maƙwabciyarta Aina'u mai ƙosai ke samun miyar 'ya'yanta. Labaran bai san wannan ba, shi a tsammaninsa ganye a kasuwa ake haihuwarsa. Ran Lahadi da ba aiki ya aro fartanya, ya tuɓe riga, ya bi filin nan ya kwashe shi tas, ya tattara ya zuba a kwatar kamfani. Tafin hannunsa duk ya yi bororo, amma ya koma gida yana fito.

Washegari Aina'u ta zagaya da kwanonta, sai ga ta ta dawo a guje gyale a hannu.

"Wane ɗan baƙin ciki ne ya aske mana fili?"

"Ni ne," in ji Labaran, ya buɗe ƙirji. "Ba sai kin yi godiya ba. Ciyayi ne na kawar muku."

"Ciyayi? Miyar gidana ce ka zuba a kwata, Labaran! Da tafasar wadda kake cewa kana so!"

Nan ya saci kallon Mas'uda, ya ga ta tsayar da ludayi. Amma bakin Labaran bai taɓa jiran kansa ya gama tunani ba.

"Ai na sani. Waccan ta gargajiya ce. Abin da ya fito ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya tsawata masa, ina zai samu tarbiyya? Ku jira tawa ku gani."

"Kafin taka ta fito iska za mu kaɗa mu sha?" in ji Aina'u. Ta bi shi da baƙar magana har bakin ƙofar shiga, ma'aikata na ta kwasar dariya. Mas'uda dai cewa ta yi, "Allah ya sa ka san abin da kake yi." Daga ranar ta koma sayo ganye a kasuwar Panshekara.

Labaran ya sayo irin alayyahu da na rama, ya haƙa ramuka har gwiwar hannu, wai don saiwa ta samu wurin miƙe ƙafa. Ya binne irin ya bi ya tattake. Aka yi ruwa, aka sake yi, ko tsiro ɗaya bai leƙo daga ramukan ba. Abin da ya fito sai wanda ya zube daga hudar aljihunsa a kan hanyar da yake bi, ya jeru a karkace tun daga kusurwar katanga har inda yake ajiye takalmi.

"Sabon tsari ne," ya gaya wa Malam Dalhatu. "Ramukan can na yaudarar tsuntsaye ne."

Tsuntsayen dai ba su ce komai ba, amma awakin unguwa sun zo. Ya kafa mutum-mutumi ya sa masa tsohuwar rigarsa, wata jar akuya ta cinye hannun rigar sannan ta sauka kan alayyahun. Ya bi ta da gudu, ƙafarsa ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan yaudarar tsuntsaye, ya yi mako guda yana ɗingishi yana cewa tsohon ciwon ƙwallo ne ya tashi. Daga nan ya tara tsofaffin buhuna ya ɗinke su, ya kewaye lambun da shinge har sama da kansa. Abin mamaki, ɗan abin da akuya ta rage ya murmure, ya yi kyau har Mas'uda ta leƙa ta ce, "Kai, ashe dai da gaske kake." Wannan kalma ita ta ƙarasa shi.

Domin ranar yana cikin kakkaɓe fata, gishiri na zuba a ƙasa tuli-tuli, sai ya tsaya cak, idonsa ya yi ƙyalli. Ya jawo Oga Bala, hedimansu mai kula da ma'aikata, gefe guda.

"Oga, me ake saka wa miya in an gama haɗa ta?"

"Gishiri mana."

"To me zai hana a saka shi tun daga gona? Ganye ya sha gishirinsa yana tsiro, ya fito da ɗanɗanonsa a jiki. Hajiya ta tsinko ta jefa a tukunya kawai. Kuma ka duba, gishirin nan shi ke hana fata ruɓewa, ka ga ganyena ba zai taɓa yaushi ba."

Oga Bala mutum ne mai son Labaran, kuma shi ma ɗan birni ne. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi kamar akwai magana a nan."

Aka tashi aiki, Labaran ya dinga jido sharar gishiri a baro yana wucewa ta gaban Malam Dalhatu.

"Ina za ka kai wannan?"

"Sirrin kimiyya ne, Malam. Ku a Damagaram bai iso muku ba tukuna."

"Mu dai a can, inda gishiri yake ko ƙaya ba ta fitowa."

"To ai shi ya sa kuka zo Kano."

Ya barbaɗe lambun nan sai da ƙasa ta yi fari fat, ya bi da ruwa don ya ratsa. Kafin Juma'a alayyahu ya kwanta, rama ta bi shi, komai ya yi baƙi ya manne da ƙasa kamar an yi gobara. Labaran ya tsaya a tsakiya ya riƙe kai. Yana fitowa kuwa Mas'uda ta tare shi da murna, ta ce Yaya ya aiko, zai zo ranar Asabar, kuma ya ce kwaɗon tafasa yake so daga lambun.

"Tafasa?" in ji Labaran. "Ai ita ta fi yawa." Ya koma ya ƙara ɗaure bakin shingen da waya, ya ce kada kowa ya leƙa, ganye na hutawa.

Ana gobe Asabar ya ɗauki buhu ya gangara bakin kogi neman tafasa. Ga ta nan kuwa birjik, amma ya wuce ta yana taɓe baki, don ta yi masa kama da ciyayin da ya kwashe a bayan katanga. Can a kan wani tudun yashi ya ga wani tsiro mai kama da ita, sai dai ganyen da ke jere a kowane reshe ya fi yawa. Labaran ya ce lalle wannan ita ce wadda ta ci gaba. Filasko ne, ganyen nan da masu magani ke ba mutum ɗan kaɗan a ƙulle don wankin ciki, su kuma gargaɗe shi kada ya yi nisa da gida. Labaran ya cika buhu har yana dannawa da gwiwa. Don kada a ga ɗanyen ganye a yi masa tambayoyi, ya kai gida ya dafa da kansa, ya matse ya dunƙula.

Da safe ya dire ƙatuwar roba a gaban Mas'uda. Ta ɗauki dunƙule ɗaya ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Malam Labaran, wannan tafasar ƙamshinta daban ne."

"'Yar agirik ce, Hajiya. Kin taɓa ganin kazar agirik ta yi kama da ta gida?"

Aiki ya yi mata yawa, ga shi kuma tana azumin ramuwa ba halin ɗanɗanawa. Ta zuba ƙuli-ƙuli da albasa da tumatur da yaji da mai, ta cuɗa. Hannun Mas'uda kuwa ko takarda ta kwaɗa sai an ci. Labaran ya ɗebi rabi ya shiga da shi kamfani lokacin karin kumallo, yana rabawa yana shela cewa yau za a ci noman zamani. Oga Bala, wanda shi ne zai tsaya masa a matsayin babba a gaban Malam Isyaku, ya ci ya ƙara, ya ce akwai ɗan ɗaci amma irin na manya. Abokan aiki suka wawashe. Malam Dalhatu ne kawai ya duba, ya shinshina, ya ce shi shayi ya ishe shi.

Bayan azahar Malam Isyaku ya iso a kan kekensa, dogon mutum mai furfura a gemu, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a rumfa. Oga Bala ya zauna a gaba cikin babbar riga, abokan Labaran suka jeru a bayansa, Aina'u ta matso da kaskonta kusa don kada wani abu ya wuce ta. Aka gaisa, aka tambayi ruwa da gona. Labaran ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya tura kwanon kwaɗo gaban baƙo da hannu biyu.

"Bismillah, Yaya. Daga lambuna, ku ɗanɗana ku ji."

Malam Isyaku ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali, ya tsaya. Ya juya gefe ya tofar, ya kurkure baki. Bai ko kalli Labaran ba, ƙanwarsa ya kalla.

"Mas'uda, ke da aka haifa a gona, filasko za ki kwaɗa wa mutane? Haka kike ciyar da bayin Allah a nan?"

Direbobi biyu da ke cin shinkafa suka ajiye cokali suna leƙa kwanukansu. Mas'uda ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko, don a sana'ar abinci magana irin wannan in ta fita ba ta dawowa. Labaran ya ga haka, zuciyarsa ta yi zafi, ya yi wuf ya janye kwanon.

"Yaya, ku yi haƙuri, ba ruwan Hajiya, dafaffe na kawo mata. Kuma ba filasko ba ne. Tafasa ce 'yar agirik, bakinku ne bai saba ba. Ku duba ku gani!"

Ya naɗe hannun riga ya hau kwaɗon nan. Kwano ne na mutum biyar, amma ya dinga aunawa yana lumshe ido yana cewa, "Kai, daɗi!" Malam Dalhatu na cewa, "Labaran, bari haka," shi kuwa yana ƙara loma. Sai da ya suɗe kwanon ya kife shi. Malam Isyaku ya dube shi tun daga sama har ƙasa, ya ce, "To, madalla. Mu yi la'asar, sannan mu yi maganar da ta tara mu."

Da aka dawo daga masallaci fuskokin mutanen Labaran sun fara canzawa. Oga Bala ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya fara.

"Malam, wato shi wannan yaro namu Labaran, yaro ne mai... mai..." Cikinsa ya yi wata irin ƙara wadda har Aina'u ta ji daga bakin kasko. Zufa ta karyo masa. "Mai haƙuri. Malam, ina zuwa."

Ya tattare babbar riga ya nufi ƙofar kamfani da wata irin tafiya, ba gudu ba, ba kuma tafiyar lafiya ba. Na bayansa ya matso don ya ci gaba, ya ce, "Kamar yadda Oga ya faɗa," sai shi ma ya miƙe. Na uku ko sallama bai yi ba. Kafin ka ce me, tabarmar masu neman aure ta koma ba kowa sai takalma, daga cikin kamfani kuwa ana jiyo bugun ƙofar ban-ɗaki da muryar Oga Bala yana cewa shi ne hedima, a bar shi ya fara shiga.

Labaran ya rage shi kaɗai, a durƙushe, ya dafe ƙasa da hannu biyu, yana murmushin da ba na Allah da Annabi ba.

"Ina suka tafi?" in ji Malam Isyaku.

"Injin ne ya... ya ɗan samu matsala, Yaya."

"Allah ya kyauta. To kafin su dawo, ba ni labarin lambun nan. Wane taki kake sawa?"

"Na zamani."

"Wane iri? Yi mini bayani dalla-dalla, ba sauri nake ba."

Labaran ya ɗaga ido ya hango layin da ke bakin ban-ɗaki ya kai har wurin awon motoci. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Sai ya zabura, ya tsallake kaskon Aina'u, ya zagaya katanga a guje ya nufi lambu. Wayar da ya ɗaure bakin shingen da ita ta ƙi kwancewa, shi kuwa ba shi da lokacin lallashi, ya afka da ƙirji. Shingen buhunan nan gaba ɗaya ya yi luu ya kwanta.

Duk mutanen rumfa sun biyo shi, suka tsaya suna kallon lambun da za a zo gani daga Bompai. Fili ne fari fat yana ƙyalli a rana, da ramuka a jere, da mutum-mutumi mai riga hannu ɗaya a tsaye yana gadin babu. Labaran ya finciki buhu guda ya yi bayan wata tsohuwar tankar ruwa da aka yasar a ƙarshen filin, ya ɓace.

Malam Isyaku ya tsuguna ya dangwali ƙasar ya kai harshe.

"Gishiri?"

"Wai don ganye ya fito da ɗanɗanonsa," in ji Malam Dalhatu.

Aina'u ta faɗi zaune tana riƙe ciki. Direbobi suka dinga tafawa. Malam Isyaku ya yi ƙoƙari ya riƙe fuskarsa, gemunsa ya fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ya daɗe bai yi ba, har da hawaye da tari. Da ƙyar ya samu ya numfasa, ya juya ga ƙanwarsa.

"Mas'uda, wannan ko ciyawa ba zai iya nomawa ba. Shi kike so?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ita ma dariyar take yi. "Yaya, noma kam bai iya ba, ƙarya ma bai iya ba. Amma kun ga kwanon da ya cinye don kada a ce ni ce. Ni dai ban taɓa samun wanda ya yi mini haka ba."

Malam Isyaku ya jinjina kai, ya share ido da bakin rawani. "Shi ke nan. Ganye ni zan riƙa aiko muku daga hayi, da sharaɗin kada a sake ba shi aron fartanya. Na ba shi." Ya waiwaya yana neman babban da zai amsa. "To, ina manyansa? Wa zai karɓa masa?"

Aka dubi ƙofar kamfani, ba wanda ya fito. Aka dubi Malam Dalhatu, ya ɗaga hannu ya ce shi yana bakin aiki. Malam Isyaku ya ce shi dai ba zai ba da ƙanwarsa ga tabarma ba, in ba mai karɓa zai hau kekensa, ya kuwa kama hanyar inda ya jingine shi.

Sai ga wata murya daga bayan tanka, a shaƙe, tana rawa, amma da iya ƙarfinta.

"Yaya, kada ku tafi! Mun karɓa! Wallahi mun karɓa!"